Surukin Mai Tashi Sama

Jawo tabarmarka nan kusa da ni, don maganar da zan yi maka ban saba yin ta da ƙarfi ba. Waɗanda ta shafa duk sun riga mu gidan gaskiya, ban da ni da ƙanen mijina, shi kuwa yanzu kunnensa ya yi nauyi, ko a gabansa na faɗa ba zai ji ba. Labarin wani silima ne da ya zauna a gidanmu a Tanut. Mutanen Damargu da yawa sun gan shi, wasu sun ga abin har sun haddace, ni kuwa da nake cikin gidan ban taɓa ɗora idona a kansa ba. Ji kawai na yi, ranar kasuwa bayan ranar kasuwa, har shekara ta zagayo.

Bayan farin nan na biyu ne, wanda ya share dabbobi. Mijina tela ne, Malam nake ce masa, kowa ma haka yake ce masa. Yana saurayi ya yi cin rani a kudu, ya kai har bakin teku, ya dawo da keken ɗinki da kalmomin Ingilishi da ba za su cika ludayi ba. Amma a Tanut wannan ludayin ya isa. Mushen lakwal, wato malamin makaranta, da jandarmomi Faransanci suke ji, Ingilishi kuwa an bar wa Malam shi kaɗai. In kwalbar magani ta fito daga Kano, shi ake kawo wa, ya juya ta, ya duba ƙasanta, ya ce a sha safe da yamma. Ba wanda ya taɓa mutuwa.

Sai ƙanensa ya dawo daga Libiya da tele, akwatin kallo, da bidiyo, da injin wuta, da kaset uku. Biyu rana ta narkar da su a kan kamiyo, babbar motar kaya, tun cikin sahara, suka lanƙwashe kamar ƙosai. Ɗaya ya tsira. Aka ture keken ɗinki gefe a zaure, aka rataya bargo a ƙofa don duhu, aka ce ranar kasuwa bayan azahar za a riƙa nunawa. Injin kuwa saboda ƙararsa aka kawo shi tsakar gida, kusa da murhuna, aka huda bango daga sama aka zura waya.

Na ce wa ƙanen mijina, “Kai ɗan Libiya, shekara huɗu ka yi, abin da ka kawo wa matarka ke nan? Hayaƙi da ciwon kai?”

Ya ce, “Matata, ki yi haƙuri. Na so in kawo miki zinariya, sai na tuna kunnenki ya fi son gulma. Ga rami nan na huda miki.”

Gaskiyarsa. Ta wannan ramin duk abin da aka yi a zaure yake faɗowa kaina ina daka.

Ranar farko zaure ya cika har ana hawa ƙafar juna. Silimar ta wani mutum ce mai tashi sama kamar shirwa, fuskarsa rufe da baƙin ƙyalle sai idanu, yana ɗaga mota da hannu ɗaya, harsashi ba ya huda shi. Haka dai aka ba ni labari. Ana cikin kallo wani makiyayi ya ce, “To me suke cewa?” Duk aka juya ga Malam.

Na ji ya gyara murya. Ya ce, “Ya tashi.” Can ya ce, “Ya sauka.” Can kuma, “Ya ɗaga mota.”

Wani mai sayar da kanwa ya ce, “Malam, wannan ai mu ma da idanu muka zo. Maganar muke tambaya.”

Malam ya ce warin isansi, man injin nan, ya sa masa ciwon kai, sai mako mai zuwa. Da mutane suka watse ya shigo ya zauna kan turmi, ya cire hula, ya ce mini mutanen nan Ingilishinsu ba irin na bakin teku ba ne, a hanci suke yi. Na ce Allah sarki. Na ba shi ruwa.

Sai na ce, “Malam, ni murya uku na ji. Akwai wanda yake magana kamar ya sa kansa cikin tulu.”

“Shi ne mai tashin. Ƙyallen ne ya rufe masa baki.”

“Akwai yarinya. In tana magana da shi muryarta sauka take yi, in tana magana da wasu sai ta hau.”

“Haka ne. Kullum tana biye da shi.”

“To wane ne mai murya kamar igiyar guga tana gogar itacen rijiya?”

Ya ce wani tsoho ne mai sanƙo da farin gemu, mai dogon gida na gilashi, kuma yarinyar a gidansa take, da alama ɗiyarsa ce.

Na ce, “Na lura duk lokacin da tsohon ya buɗe baki, sai in ji iska, in ji gilashi ya fashe, muryar mai tulu ta ɓace. Gudu yake yi?”

“Ta taga yake fita.”

“Ya taɓa cin abinci a gabansa?”

Malam ya yi tunani. Ya ce akwai wurin da aka jera abinci a dogon tebur, tsohon ya shigo, shi kuwa ya ja da baya bai taɓa ko loma ba.

“Ya taɓa buɗe fuska a gabansa?”

“Ko sau ɗaya.”

Na ce, “Malam, ai wannan ba sai da Ingilishi ba. Surukinsa ne.”

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya mayar da hularsa.

Mako na gaba sai ka ce ba shi ba. Malam ya zauna gefen tele, ya rarraba muryoyi. In tsohon ya yi magana sai ya kumbura wuya: “Ina yaron nan? Na aika a kira shi sau uku.” In yarinyar ce sai ya siranta murya har ni da ke bayan bango sai na ajiye taɓarya don dariya: “Baba, kunya yake ji, ka bar shi ya huce.” In mai tashin ne sai ya sa tafin hannu a baki: “Ki gaida Baba, ki ce na zo ban same shi ba.” Daga nan sai taga ta fashe. Mutanen da tsohon yake turowa da bindigogi, Malam ya ce ƴan aike ne, an ce su kawo shi ko da ƙarfi ya ci tuwo. Shi kuwa yana watsar da su ɗaya bayan ɗaya don kada a kai shi gaban suruki da cokali a hannu.

Zauren kashi uku yake zama. Manoma da ƴan kasuwa a tsakiya, su Hausar Malam ta ishe su. Abzinawa a kusurwar dama, da wani dattijonsu mai sayar da raƙuma da yake juya musu maganar zuwa Tamajak. Fulani a bakin ƙofa don iska, su ma da nasu mai juyawa. Sai maganar ta fita daga bakin Malam, ta shiga kusurwa, ta shiga bakin ƙofa, dariya ta zo sau uku, ɗaya bayan ɗaya. Ina daga ciki ina ƙirga ta. In ta ukun ba ta zo ba, da daddare in gaya wa Malam wurin nan bai kai ga Fulani ba, ya gyara.

Kowa kuma ya ja mutumin wajensa. Abzinawa suka ce nasu ne, ba wanda ya san a ja rawani har ƙarƙashin ido a gaban suruki sai ɗan gidansu, illa dai ƙyallen ya matse shi da yawa kuma bai sha baba ba. Fulani suka ce wannan fulako ne tsantsa, kuma lalle yana da shanu a wani wuri da ba a nuna ba, don ba mai barin ɗiyarsa ta bi wanda ba shi da ko maraƙi. Manoma suka ce duk ba haka ba ne, tsohon nan gayya yake nema, mai wannan ƙarfin zai nome masa gona kafin hantsi. Malam bai ɓata wa kowa ba. Ya sa shanu a bayan wani dutse da ake gani daga nesa, ya sa gona a bayan gidan gilashi, ya ce ƙyallen kuma na aiki ne, na sallar yana cikin adaka.

Labari ya bi rijiyoyi. Wata mai kawo mini nono daga wajen Tarka ta zauna ta ba ni shi tun daga farko, ba ta san a gidan take ba. A nata, mai tashin raƙumi yake ɗagawa, kuma ya yi shekara bakwai bai sha ruwa ba don rijiyar ta surukinsa ce. Wani magidanci a Balbeji, aka ce, ya hango surukinsa a lungu, ya kama darni ya tsallake, ya faɗa garken awakin mutane ya karya yatsa, kuma ba wanda ya yi masa dariya sosai. Tsofaffi suka fara son silimar fiye da samari. In angon ƴarsu ya cika surutu sai su ce a kai shi gidan tela ya ga yadda ake yi.

Abu ɗaya ne, kaset ɗin ba shi da ƙarshe. Wanda ya naɗe shi a Libiya ya naɗi wani abu a kansa. Daidai inda mai tashin ya sauka a kan rufin gidan gilashi, tsohon yana tsaye yana jiransa, sun fuskanci juna karon farko, sai hoton ya yanke, a ga mutane suna buga ƙwallo, Balarabe yana ihu. Nan Malam yake cewa, “To, ya durƙusa ya gaishe shi, an ba shi yarinya. Wannan da kuke gani biki ne, haka suke yi a ƙasarsu.” Sai kowa ya tashi yana neman takalmansa da farin ciki.

Da shekara ta zagayo kaset ya gaji, hoto ya fara zubar da farin zare. Ƙanen mijina ya roƙi wani direba mai zuwa Kano ya nemo masa irinsa. Aka kawo sabon da safiyar wata ranar kasuwa. Isansi kuwa ba a wasa da shi, ba wanda ya ce a gwada tukuna.

A wannan safiyar ce mahaifina ya sauka daga kamiyon kasuwa.

Sai na gaya maka wane ne Baba. Ƙauyenmu yana ƙasar Olalewa. Kafin fari Baba yana da shanu da raƙuma, in ya zo rijiya matsa masa ake yi. Fari ya bar shi da jaki da awaki biyu. Tun da can bai ɗauki Malam wani abu ba. Bai hana ni aurensa ba, amma ya taɓa cewa bai san yadda namiji zai wuni da allura a hannu ba. Sau biyu bayan farin Malam ya ɗinka riga ya aika masa, sau biyu tana dawowa a ninke, da saƙon cewa tasa ba ta mutu ba. Malam kuwa shekara goma sha biyu bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, bai taɓa sha ko ruwa a gabansa ba, bai taɓa ɗaga murya inda zai ji ba. Ba abin da yake so a duniya kamar tsohon nan ya dube shi sau ɗaya a matsayin mutum.

Baba ya shigo da rigarsa ta da, shuɗiya ce amma ta koma kalar toka, ya yi mata faci a kafaɗa da hannunsa da jan zare. Malam ya tuɓe takalma tun daga zaure, ya durƙusa can nesa, idonsa a ƙasa, amma na ga yana satar kallon facin nan kamar ƙaya ce a ƙafarsa.

Bayan gaisuwa Baba ya ce, “An ce a gidan nan ake nuna wani mai ladabi. Duk bakin rijiya maganarsa ake yi. Na ce bari in zo in gani, tunda a zamanin nan sai a akwati ake samunsu.”

Malam ya ce, “To, Baba.”

Da Baba ya fita kasuwa, Malam ya biyo ni madafa. Ya ce, “Kin kashe ni.”

“Ni kuma?”

“Wa ya ce surukinsa ne? Yanzu ta yaya zan yi muryar yarinya a gaban Baba? Ta yaya zan yi muryar tsohon? Zai ce shi nake kwaikwayo.”

Na ce ya ce ba shi da lafiya. Ya ce to sai Baba ya ce allura ma ta kayar da shi. Na ce to ƙanensa ya yi. Ƙanen da ke tsugune yana zuba wa inji mai ya ce shi Larabcin gini kawai ya iya, miƙo bulo, kawo ruwa. A ƙarshe na ɗauko wa Malam rawaninsa na salla, na ce ya naɗa har ido, ya juya wa mutane baya, ya yi kamar da bango yake magana.

Haka aka yi. Bayan azahar inji ya tashi, na zauna ƙarƙashin ramin da ƙwaryar gero a cinya, ban ko taɓa ta ba. Muryar Malam ta fito ƙasa-ƙasa, ba gishiri ba yaji.

Mai kanwa ya ce, “Malam, yau ba ka karya ba ne? Ɗaga murya.”

Wani daga baya ya ce, “Ina yarinyar? Yau mura take yi?”

Sai na ji dattijon Abzinawa ya ce, a Hausarsa mai nauyi, “Ku rufa wa mutum asiri. Surukinsa yana zaune.”

Daga nan maganar ta shiga kusurwa, ta shiga bakin ƙofa, na ji ana gyara zama. Ba wanda ya sake neman muryar yarinya. Abin ma sai ya yi musu daɗi, ga mai kunya a akwati, ga mai kunya a gefensa, duka biyu fuska a rufe. Malam yana cewa, “Dattijon ya yi kira. Shi kuma ya fita.” Taga ta fashe. Sai in ji Baba ya ce, “Ɗan mutane.” Da aka zo wurin dogon tebur, Baba ya ce, “Ka gani. Ko loma.” Zuciyata ta fara kwanciya. Na ɗauki gero na fara tsince tsakuwa.

Aka zo rufin gida. Na san wurin, akwai iska mai ƙarfi, sai takun ƙafa biyu, sai usur na ƴan ƙwallo. Malam har ya fara, “To, nan ya durƙusa…”

Usur bai zo ba.

Tsohon ya yi dariya, wata iri da ban taɓa ji ba duk shekarar. Mai tulu ya amsa masa. Ni ban san kalma ɗaya ta Ingilishi ba, amma na girma a bakin rijiya, na san muryar da namiji yake yi kafin a ɗaga sanda. Ba gaisuwa a cikinta. Yarinyar ta yi ƙara daga nesa. Wani ƙarfe ya faɗi. Malam kuwa ya yi shiru, shirun da na ji shi har cikin haƙorana.

Na tashi gero ya zube. Injin nan ƙanen mijina bai taɓa barin kowa ya taɓa shi ba, ban san inda ake kashe shi ba, kuma an ce wayar tana kama mutum ta ƙi saki. Na ɗauki taɓarya, na saƙala ta ƙarƙashin wayar, na fizga da ƙarfin da nake kirɓa dawo. Wayar ta fita, ta yi tartsatsi. Inji ya ci gaba da ruri shi kaɗai, zaure ya mutu.

Na makara kaɗan. Daga baya ƙanen mijina ya gaya mini abin da idanu suka gani na ƙarshe: mai tashin ya cafki wuyan rigar tsohon da hannu biyu, ya ɗaga shi sama, ƙafafunsa suna lilo.

Na lallaɓa na koma ƙarƙashin ramin. Ba mai tari. Can na ji wani Bafulatani ya tambayi wani abu a hankali cikin yarensu, ba wanda ya amsa masa. Sai muryar Baba.

“Malam tela. Me na gani?”

Na rufe ido. Sai muryar Malam.

“Awo ne, Baba.”

“Awo.”

“I, Baba. Riga zai ɗinka masa ta biki. Su a can kunya ba ta barin mutum ya tambayi surukinsa girman wuyansa. Sai dai ya kama da hannu ya ji.”

Mai kanwa ya ce, “To ɗagawar fa?”

“Nauyi ake ji, a san yawan yadin da za a saya.”

“Ƙafafun da ke lilo fa?”

Yanzu muryar Malam ta fara dawowa jikinta. “Kai ba tela ba ne. In mutum yana tsaye a ƙasa ta ina za ka ga inda riga za ta tsaya masa?”

Dattijon Abzinawa ya ce shi dai ya ga idon tsohon ya fito waje. Malam ya ce shi ma kunya ce ta kama shi, ba a taɓa yi masa irin wannan hidima ba. Maganar ta shiga kusurwa, ta shiga bakin ƙofa. Ba dariya ko ɗaya. Kowa Baba yake jira.

Baba ya ce, “To. Mutanen nan ladabinsu da ƙarfi yake.”

Sai zauren ya saki numfashi. Wani ya ce Allah ya sa rigar ta yi masa daidai, aka ce amin.

Ƙanen mijina ya faɗo tsakar gida, ya ga waya a ƙasa, ya gan ni da taɓarya. Na ce akuya ce. Ya ce, “Akuya mai taɓarya. Matata, yau kin biya sadakinki da kanki.” Ya kashe inji, ya koma ya gaya wa mutane ya ƙone, sai wani makon.

Da la'asar Baba ya zauna a rumfata, na dama masa fura. Ya sha rabi ya ajiye ludayi.

Ya ce, “Ke. Tun ba a haife ki ba nake raba faɗa a bakin rijiya. Na san awo, na san shaƙa.”

Na ce, “To, Baba.”

“Mijin nan naki ba ya jin yaren mutanen nan, ko?”

Na jawo ƙwaryar gero gabana. Ya sake jefo wata.

“Wa ya gaya masa surukinsa ne?”

Na fara tsince geron da ya zube, ƙwaya ɗaya-ɗaya. Sai na ji wani sauti, na ɗaga kai. Baba ne yake dariya, kafaɗunsa suna rawa, har jan facin yana motsi. Tun da shanunsa suka mutu ban ga haƙoransa ba.

Ya share ido ya ce, “An shaƙe tsoho a gabana, ɗaki cike da mutane, shi kuwa ya rasa abin da zai ce sai riga. Ko a cikin tsoro maganar riga ce a bakinsa. Kira mini shi.”

Malam ya zo, rawanin har yanzu a fuskarsa, ya durƙusa wajen turmi. Baba ya miƙe tsaye, ya karkaɗe jikinsa, ya buɗe hannuwa.

“Zo ka auna ni. Irin na garinmu, da igiya. Ƙafafuna kuma a ƙasa.”

Malam ya je ya ɗauko igiyar awo. Ya zagaya ta wuyan Baba, karon farko da ya taɓa shi tun ranar ɗaurin aure. Sau uku yana auna wuyan yana faɗin lambar a hankali yana mantawa. Ni na riƙe masa ita a ka. Baba yana kallon sama yana cewa kada a yi aiki da yawa a ƙirji, shi ba ɗan kasuwa ba ne, kuma aljihu ya yi zurfi. Kwana uku ya ƙara a gidanmu yana jiran ɗinki. A rana ta uku ya aika aka ce wa Malam ya zo ya zauna a bakin tabarma, bakin dai, ya tambaye shi yadda ake sa zare a keken.

Washegarin ranar kasuwar, da Baba ya tafi masallaci, Malam da ƙanensa sun rufe zaure sun kalli sauran su biyu. Ba su gaya mini ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ji ihu mai tsawo yana nisa yana nisa, sannan wani abu ya faɗi can ƙasa. Daga ranar ƙanen mijina yake tsayawa kusa da bidiyo, da ƙafafu sun fara lilo sai ya danna, ya ce saura ba na yara da masu surukai ba ne. Mutane suka saba. Har muka bar nuna shi, a kasuwar Tanut in biyu sun kama wuyan juna sai ka ji ana cewa a zo a raba, ana awo. Na ji Abzinawa suna faɗa a yarensu da kalmar Hausar a tsakiya.

Yanzu jikokina sun nemo silimar a wayar hannu, an juya ta da Hausa tsaf. Sun ce mini tsohon mugu ne mai kashe mutane, ba surukin kowa ba, kuma ni da kakansu mun hana rabin Damargu ganin ƙarshen labari. Sun miƙo mini wayar in gani, na ce idona ba ya son haske. Ban ce ba su da gaskiya ba. Amma kai da ka zauna ka ji, in kai ne a matsayina a tsakar gidan nan, mahaifinka a zaure, mijinka ya yi shiru, taɓarya a kusa da hannunka, da ka bar wayar a inda take?